Keke mai giya ɗaya ko fiksi: wanne zan saya don zuwa aiki?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Daga gida zuwa wurin aikina kilomita 9 ne, kwana biyar a mako. Hanyar shimfiɗe take, sai gada ɗaya mai ɗan hawa da wani gangare kusa da gida. Keken da nake hawa mai giya 21 ne, amma tsakani da Allah biyu kawai nake taɓawa. Yau wayar giya ta saki, gobe sarƙa ta zame. Makon jiya sai da na tsuguna a gefen titi na sa hannu na ciro ta daga tsakanin faranti da taya, na isa ofis da baƙin mai har gwiwar hannu. Na gaji, zan koma mai giya ɗaya. To sai na tarar iri biyu ne: wanda za ka iya hutar da ƙafa keke ya ci gaba da gangarawa, da wanda suke ce wa fiksi, wanda feda ba ta tsayawa muddin taya tana juyawa. Kuɗina ba su da yawa. Wanne ya fi, kuma me zan duba kafin in biya?

Mai Gyaran Keke:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba sai ka zaɓi ɗaya yau ba. Nemi keken da hob ɗin tayarsa ta baya, wato cibiyar da ke tsakiyar tayar, yake da fuska biyu. Gefe ɗaya an ɗaura firiwil, wanda ke ba ka damar hutar da ƙafa, ɗaya gefen kuma faranti ne kafaffe. Ran da ka so gwada fiksi, sifana mai lamba 15 kawai za ka ɗauka, ka kwance noti biyu, ka juya tayar, ka mayar. Minti biyar ya ishe ka. Yawancin masu sauƙin kuɗin da ake ƙerawa yanzu da irin wannan hob ɗin suke zuwa, amma kada ka yarda da hoto, ka duba da idonka.

Abu na biyu, birki biyu, gaba da baya. Ba na ciniki a kan wannan.

Ɗan Fiksi:
Oga, birki biyu a kan fiksi ai ɓata keke ne. Ƙafarka ita ce birkin baya. Ni shekarata ta huɗu ke nan a kan kafaffiyar giya, ban taɓa jin daɗin keke irin haka ba. Kana jin titi a cikin ƙafarka. Idan ƙasa ta jiƙe taya ta fara santsi, kafin idonka ya gani ƙafarka ta riga ta sani. A cunkoso kuwa ba ka ta matse birki kana saki, sassauta ƙafa kawai kake yi keken ya bi ka. Sabon Shiga, ka tafi fiksi kai tsaye, firiwil zai mayar da kai malalaci.

Mai Gyaran Keke:
Duk abin da ka faɗa game da daɗinsa gaskiya ne, na hau na sani. Amma shi da firiwil zai fara, kuma mai firiwil idan ba shi da birkin baya, ran da wayar gaba ta tsinke ba shi da abin tsayawa sai takalminsa. Kai kanka fa, akwai birkin gaba a naka?

Ɗan Fiksi:
Na cire shi bara. Kulle tayar baya nake yi in ja ta.

Malamar Lissafi:
Ɗan'uwa, don girman Allah ka mayar da shi. Ba maganar gwaninta ba ce, maganar nauyi ce. Duk lokacin da keke ya rage gudu, nauyin mahayi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau, riƙonta da ƙasa ya ragu. Shi ya sa komai ƙarfin ƙafarka, tsayawa da tayar baya kaɗai tana cin kusan ninki biyu na tazarar da birkin gaba yake buƙata a busasshiyar kwalta. Yaron da ya ɓullo daga bayan mota ba zai ba ka wannan tazarar ba.

A Landan, cikin watan Fabrairun 2016, wani matashi ɗan shekara 18 a kan fiksi marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu. A 2017 kotu ta tsare shi wata 18. Dokar Ingila tana lissafa kafaffiyar taya a matsayin birki ɗaya, amma dole a haɗa da na gaba. Jamus ma birki biyu masu zaman kansu take nema. Kekunan da ba su da birki na filin tsere ne, inda kowa gefe ɗaya ya nufa, babu mota, babu mai tsallakawa.

Ɗan Fiksi:
Malama, na ji. Ban ce kowa ya yi yadda na yi ba.

Malamar Lissafi:
Ai kai ɗin nake ji wa, da wanda zai gitta gabanka.

Dattijo:
Ku yara kuna magana kamar yau aka ƙirƙiro keke mai giya ɗaya. Raleigh ɗin da na gada wurin mahaifina giya ɗaya ce, Phoenix ɗin da na saya da kaina ma haka. Shekara talatin ina zuwa aiki a kansu. Ga madigadi, ga murfin sarƙa, ga kariya da za ka ɗora buhu ba ta ce uffan ba. Me ya hana yaron nan ya sayi irinsu ya huta?

Mai Gyaran Keke:
Allah ya ƙara girma Baba, waɗannan kekuna ba sa mutuwa, shaida muke. Sai dai abu biyu. Nauyinsu yana kaiwa kilo 20, alhali mai giya ɗaya na zamani ko da mai araha ne tsakanin kilo 10 ne da 12. Wanda zai hau gada kullum, ko ya ɗaga keke ya hau bene da shi, zai ji bambancin a jikinsa. Na biyu, birkin sanda a kan rim ɗin ƙarfe idan ruwa ya taɓa shi sai ka matse ka yi ta salati kafin ya kama. Rim ɗin alminiyam ya fi riƙe birki cikin ruwa nesa ba kusa ba. Amma madigadi da kariyar da ka ambata, nan ka taɓo inda masu sayen fiksi suke yin asara. Zan dawo kansa.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Akwai lambobin da nake gani a jikin tallan, 46/16, 48/16, 44/16. Me suke nufi? Babbar lamba ta fi kyau ne?

Malamar Lissafi:
Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci, domin giya ɗaya ce gare ka, idan ka yi kuskurenta kullum sai ka biya.

Lambar farko haƙoran babban farantin gaba ne, ta biyu haƙoran ƙaramin na baya. Raba ta farko da ta biyu, ka sami sau nawa taya take juyawa a duk zagaye ɗaya na feda. Taya mai girman 700 da faɗin milimita 28 tana cin kusan mita 2.13 a juyi ɗaya. Don haka 48/16 taya sau 3 ke nan, kusan mita 6.4 a duk zagayen feda. 46/16 kuma mita 6.1. 44/17 mita 5.5.

Yanzu kawo shi kan titi. Cikin gari da danja da cunkoso, gudun mai zuwa aiki bai cika wuce kilomita 20 zuwa 25 a awa ba. A kilomita 20, mai 48/16 ƙafarsa sau 52 kawai take zagayawa a minti, wato dannawa yake yi da ƙarfi kamar mai hawa tsani. Mai 44/17 yana wajen 60, idan ya kai zagaye 80 a minti yana gudun kilomita 26 da ɗoriya, numfashinsa daidai. Kuma ka tuna duk danjar da ta tsayar da kai, da wannan giyar za ka tashi daga tsaye.

Ni da 46/16 na fara, don da shi keken ya zo. Wata biyu gwiwata ta dama ta fara yi mini zogi idan zan hau matakala. Na sauya firiwil zuwa mai haƙori 18, zogin ya tafi cikin makonni, kuma lokacin isata makaranta bai ƙaru da ko minti biyu ba. Tunda kana da gada, ka tsaya wajen 44/17 ko 46/18.

Ga hanyar da ta fi duk lissafina: keken da kake da shi yanzu, ka ce giya biyu kake taɓawa. Ƙirga haƙoransu. Zaɓi ɗaya ka yi mako guda ba ka taɓa abin sauyawa ba, har kan gadar. Jikinka zai ba ka amsa kafin ka kashe ko sisi.

Ɗan Fiksi:
A nan na yarda da Malama ɗari bisa ɗari. Kuma 48/16 yana da wani aibin ga mai fiksi. Tunda 16 ta raba 48 daidai, duk lokacin da ka kulle taya wuri ɗaya ne yake gogar ƙasa, nan da nan ka ga zare ya fito. Da 17 a baya wuraren sun zama 17. Amma kada a sauko da giya sosai. A gangare fiksi ba ya barinka ka huta. Da 44/17 idan keke ya kai kilomita 40 a awa, ƙafarka tana zagaye 120 a minti, ko ka so ko ka ƙi. Wanda bai saba ba sai ya riƙa tsalle a kan sirdi.

Mai Gyaran Keke:
Ka ga amfanin birkin ke nan, a gangaren.

To bari in faɗi abin da nake dubawa idan aka kawo mini mai araha, domin kamfanoni sun san inda ido yake zuwa. Fenti mai ƙyalli, rim mai zurfi ja ko kore, sarƙa mai launi. Inda ido ba ya zuwa kuma nan suke rage kuɗi.

Fara da firam. Ƙarfe iri biyu ne a wannan matakin. Akwai gama-gari mai nauyi, wanda za ka ga an rubuta Hi-Ten a jikinsa, akwai kuma kuromoli, mai lamba 4130. Kuromoli ya fi ƙarfi, don haka ana yin bututunsa da siriri, keken ya fi sauƙi kuma ya fi laushi a kan gargada. Idan kuɗinka sun kai, shi ne. Idan ba su kai ba, gama-garin ma zai kai ka aiki shekaru, kada wani ya kunyata ka a kansa. Abin da ba zan yafe ba shi ne firam ɗin da bai yi daidai da tsayinka ba. Tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, ya kasance akwai ratar yatsa biyu ko uku tsakaninka da sandar sama. Hau sirdi ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Keken da ya yi maka girma ko ƙanƙanta babu gyaran da zai yi masa magani.

Sai maganar Baba. Yawancin fiksi masu araha an kwaikwayo su ne daga keken filin tsere: taya siririya milimita 23 ko 25, babu sarari tsakanin taya da firam, babu hujin ɗaura madigadi ko kariya. Kyau a hoto, azaba a zuwa aiki. Ranar ruwa za ka isa da layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya, jaka kuma kullum a bayanka, riga ta jiƙe da gumi. Nemi wanda zai ɗauki taya 28 ko 32 kuma ya bar wurin madigadi, ka leƙa kusa da noti na gaba da na baya ka ga ƙananan hujojin nan masu zare. Babu su, ka wuce.

Juya kowace taya ka sa ido a tsakanin rim da robar birki. Idan tana rawa hagu da dama, wayoyin tayar ba su ɗauru daidai ba. Kama taya ka girgiza ta gefe, idan ka ji ƙwas-ƙwas boris ya saki. Sabon keke mai araha sau da yawa giris ɗin cikin hob ɗinsa kamar an shafa da yatsa ne don a fita hakki. Ran da ka saya ka kai wa mai gyara ya buɗe ya cika, ya ɗaure wayoyi, ya sake duba su bayan mako biyu.

Tayoyin da yake zuwa da su kuwa, ka sa a ranka za ka sauya. Mai zuwa aiki babu abin da ke ɓata masa safiya irin faci. Taya mai kariyar huji irin Schwalbe Marathon tana da nauyi, amma za ka manta rabonka da mai faci. Ka ware kuɗinta tun yanzu, tare da fitila gaba da baya, da hular kwano, da kwaɗo mai kauri. Gara ka rage a kan keken ka cika waɗannan.

Mai Hawa Tudu:
Ni dai ban gane wannan komawa baya ba. An sha wahala an ƙirƙiro giya, ku kuma kuna cirewa. Unguwarmu duk tudu ce, mai giya ɗaya sai dai ya tura. Matsalar Sabon Shiga ba giya ba ce, rashin gyara ne. Waya sabuwa da saiti mai kyau, keken nasa ya dawo daidai, kuɗinsa na aljihunsa.

Mai Gyaran Keke:
Maganarka tana kan hanya. Wanda hanyarsa tudu ce, ko yake ɗaukar kaya masu nauyi, ko gwiwarsa ba lafiya, ni da kaina zan hana shi giya ɗaya. Amma a ƙaramin kuɗi, abin sauya giya shi ne ɓangaren da ya fi saurin lalacewa, domin na roba da gwangwani ake sa wa. Keke biyu kuɗinsu ɗaya, mai giya 21 an raba kuɗin a kan tarkace da yawa, mai giya ɗaya an zuba su a firam da taya. Ga hanyar da ya kwatanta, shimfiɗaɗɗiya da gada ɗaya, giya ɗaya ta wadatar.

Dattijo:
Kuma ku sani, gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, da aka fara a 1903, sai 1937 aka yarda 'yan tsere su yi amfani da abin sauya giya. Kafin nan idan sun zo gindin dutse sauka suke yi su juya tayar baya zuwa faranti mai sauƙi. Hob mai fuska biyun da kuke yayi, kakanninsu ne suka fara.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri Baba. Wata tambaya: ba zan iya mayar da nawa mai giya ɗaya ba? Ko in nemi na hannu?

Mai Gyaran Keke:
Juya kekenka ka dubi inda ƙarfen tsakiyar tayar baya yake shiga firam. Idan tsagar a tsaye take, taya tana faɗawa daga ƙasa, babu yadda za ka ja ta baya ka ɗaure sarƙa. Za ka iya mayar da shi mai giya ɗaya da firiwil idan ka sa ƙaramin abin jan sarƙa mai sifirin, amma fiksi a'a, domin ran da ka danna feda baya zai lanƙwashe, sarƙa ta fita. Idan tsagar a kwance take, doguwa, to ka yi sa'a.

Na hannu kuwa, nan riba take ga mai haƙuri. Tsofaffin kekunan tsere na ƙarfe na shekarun 1970 da 1980 yawancinsu tsagarsu a kwance take, kuma suna da sararin taya da hujin madigadi. Idan ka ga tambarin Reynolds 531 a jikin sandar firam da ke ƙarƙashin sirdi, ƙarfe ne mai daraja. Amma shafa yatsa a ƙarƙashin sanduna biyun nan daf da wuyan keke. Idan ka ji kumburi ko fenti ya tattare, keken ya taɓa yin karo, bar shi. Kwance notin sirdi ka ga ko sandar tana motsi, don wadda tsatsa ta kama takan ƙi fita har abada. Karanta gefen taya: 622 shi ne girman da ake samu ko'ina yanzu, 630 tsohon inci 27 ne, sun yi kama amma ɗaya ba ya shiga rim ɗin ɗaya.

Gargaɗi ɗaya da babbar murya. Kada kowa ya ɗaura maka kafaffen faranti a kan hob ɗin firiwil ya ce ya matse sosai. Hob ɗin fiksi na gaskiya zare biyu gare shi, na biyun na hagu ne, an yi shi don zoben da ke kulle farantin. Babu zoben nan, ran da ka danna baya da ƙarfi farantin zai warware, feda ta zama banza a ƙafarka.

Malamar Lissafi:
Kuma ran da ka juya zuwa fiksi, kada ka fara a hanyar aiki. Nemi fili ranar hutu. Kowa yakan manta sau ɗaya ya tsayar da ƙafa, feda ta ɗaga shi daga sirdi. Sa madaurin ƙafa a feda, naɗe ƙafar wando ta dama, cusa igiyar takalmi ciki, domin abin da sarƙar fiksi ta kama ba ta saki. A kwana kuma kada ka kwanta da yawa, feda tana ci gaba da juyawa, tana iya dukan ƙasa. Idan kana goge sarƙa kada ka juya taya da yatsunka kusa da haƙora.

Sabon Shiga:
Salam 'yan zaure, na dawo bayan mako uku. Na bi shawarar Malama, na yi mako guda a giya ɗaya a tsohon kekena, na ƙirga ta fito kusa da 46/18. Na sami na hannu, firam kuromoli, hob mai fuska biyu, birki biyu, taya 28. Da 46/16 ya zo, na sa firiwil mai 18, na ɗaura madigadi da kariya. Abin da ya fi ba ni mamaki shirunsa, ba ka jin komai sai ƙarar taya a kwalta. Gadar ina hawanta a tsaye, ba wuya. Fiksin ban gwada ba tukuna. Matsala ɗaya: idan na juya feda da hannu, wani wuri sarƙa ta yi tauri, wani wuri ta yi sako-sako. Lalacewa ce?

Ɗan Fiksi:
Barka! Ran da za ka juya tayar ka yi mini magana. Ni ma na mayar da birkin gaba, Malama ta hana ni barci.

Malamar Lissafi:
Alhamdu lillahi. Wannan ya fi mini komai daɗi a zauren nan.

Mai Gyaran Keke:
Ba lalacewa ba ce ƙanena, babu farantin da yake da'ira cif. Juya feda a hankali har ka sami inda sarƙar ta fi tauri, a nan za ka yi saiti. Sassauta notin taya, ja ta baya ko tura ta gaba har sarƙar ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya a tsakiyarta, ka tabbata tayar tana tsakiyar firam, sannan ka matse notin kaɗan-kaɗan, dama da hagu bi da bi. Idan bambancin ya yi yawa, sassauta kusoshin babban faranti kaɗan, kai sarƙa wurin taurin, ɗan bubbuga farantin ta gaba da ƙotar sifana ya koma tsakiya, ka sake matsewa. Tunda na hannu ne, auna sarƙar ma: daga fil ɗaya zuwa fil na 24 bayansa inci 12 ne cif a sabuwa. Idan ta ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas na inci, sauya ta kafin ta cinye maka sabon firiwil. Kuma tunda ka matsar da taya, duba robar birkin baya, kada ta koma tana gogar taya maimakon rim.

Sabon Shiga:
To Oga. Gobe da asuba kafin in fita zan yi, sai in auna sarƙar in turo muku abin da na gani.